Mama da Kukan 'Yan Dirama

Ɗakunana biyu ne a saman bene, a kan layin da ya fi kowane layi hayaniya a Kafanchan. A ƙasana akwai kemis, da mai gyaran waya, da shagon wata tela. Tsallaken titi banki ne, da masu cirar wa mutane kuɗi a ƙarƙashin laima, da masu buga katin biki, da wani mai sayar da sifika wanda ba ya yarda kayansa na aiki sai duk unguwa ta shaida. Bango ɗaya kuma ya haɗa ni da tsohuwar silima. An daina nuna fim a cikinta tun ina budurwa. Aka yi mata fenti, aka zuba kujerun roba, ta koma hol. A nan ake liyafar aure, a nan mawaƙan bishara ke ƙaddamar da waƙoƙinsu, a nan kuma 'yan dirama ke wasanninsu. Ƙungiyoyin sun kai huɗu, wasu na coci, wasu masu zaman kansu, kuma dukansu da yamma suke gwaji, daga ƙarfe huɗu, bayan an tashi daga aiki.

Ni na zaɓi wurin da kaina. Bayan rasuwar maigidana yara suka watse makarantu, gidanmu na bayan gari ya yi mini shiru fiye da yadda zan iya ɗauka. Ina koyarwa a wata sakandare da ke kusa, a ƙafa nake zuwa. Ina son in buɗe taga in ga mutane suna kai da komowa, ko da ba wanda ya san ni a cikinsu. Haka kuma kullum sai na zagi layin: ƙarar janareto, hon ɗin 'yan acaɓa, warin kwata idan an yi ruwa. Amma kunne yana sabawa. Na kai inda zan zauna ina duba takardun ɗalibai, ana kiɗan aure a dama, ana kashe sarki a hagu, ban ɗaga kai ba. A lokacin ina ganin wannan wayewa ce, har ina alfahari da ita.

Da damina ta kama a wata shekara, sai na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu kusa da Fadan Kaje. Hawan jini ya sa ta gaba, gwiwa ma ta ƙi, likita kuma ya ce a riƙa kawo ta a kai a kai. Ƙanena yana Legas, ba wanda ya rage a gidan sai ita da awakinta. Ta zo da rabin buhun acca, da tukunyar ƙasa, da littafin waƙoƙin da ba ta iya karantawa amma ta haddace shi tas. Ranar farko ta tsaya a baranda ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta tambaye ni da yarenmu ko yau ce ranar kasuwa. Na ce mata a nan kullum kasuwa ce. Ta ce to yaushe suke zuwa gona. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Akwai abin da ya kamata in yi mata bayani tun a ranar, ban yi ba, domin ni kaina na manta da shi. A garinmu idan mutum ya cika, ba a fara aika saƙo. Mace ce ke fita tsakar gida ta ɗaga murya, ta kira mamacin da abin da yake a wurinta, uba ko miji ko ɗa. Duk matar da ta ji, ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, sai ta sauke tukunya, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta ɗauki itace da ɗan hatsi, ta bi muryar. Ba a tambayar wane ne, ba a duba ko ana ga-maciji da gidan. Idan aka isa sai a zauna a ƙasa a miƙe ƙafa. Matar da ta ji kuka ta ci gaba da aikinta, za a riƙa nuna ta da baki har kan jikokinta. Mama kuwa a wannan fanni ba ta da na biyu. Ko ta kwana da zazzaɓi, ita ce ta farko a ƙofar gidan makoki.

A mako na biyu na dawo daga makaranta na tarar da ƙofa a buɗe, ba Mama. Na sauko a guje. Mai kemis ya leƙo ta kan kantarsa ya ce, "Madam, Mama ya shiga hol. Na kira shi, bai ji ba."

Na shiga na same ta a gaban dandamali, zaune a kan siminti, ƙafafu a miƙe, ɗankwali a ƙugu. A gefenta ga kwanon acca, ga gawayi a leda, tunda ba ni da itace. A saman dandamalin an shimfiɗe wani mutum a kan benci an rufe shi da farin zane, wata budurwa tana birgima a kansa tana ihu. Sauran 'yan wasan sun ga tsohuwar, amma sun zaci kakar wani ce ta zo kallo. Ina cikin ratsa kujeru sai wayar gawar ta yi ƙara. Gawar ta yaye zane, ta tashi zaune, ta ce, "Halo."

Mama ta kira sunan Yesu, ta yi baya da hannuwa. Hol ɗin ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, amma a lokacin ji na yi kamar an tuɓe mini zane a bakin titi, domin biyu daga cikin 'yan wasan tsofaffin ɗalibaina ne. Budurwar da ke kukan ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Na gane ta, a bankin tsallake take aiki. Ta sauko ta durƙusa a gaban Mama ta ce, "Kaka, sannu. Ba wanda ya mutu. Dirama ne, muna rihasal."

Mama ta dube ta da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kaka."

"To me ya sa kina kuka?"

Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na kama hannun Mama na jawo ta, na bar accar da gawayin a wurin. A kan matakala na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce nan ba ƙauye ba ne. Na ce ta zubar mini da mutunci a gaban yaran da na koyar. Na ce da mota ta buge ta fa, ko ta faɗi a matakalar nan. Wannan na ƙarshe shi ne gaskiyar tsorona, amma shi na faɗa a ƙarshe, kuma da muryar faɗa. Muka shiga ɗaki. Ta kwance ɗankwalin daga ƙugu ta ninke, ta ce ita a saninta ba a kiran mutuwa da wasa.

Washegari na sayo kwaɗo. Akwai ƙofar ƙarfe a bakin matakalarmu, na riƙa kulle ta idan zan tafi makaranta. Na gaya wa kaina don lafiyarta nake yi. Na kuma koya mata magana ɗaya, yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya: duk kukan da ta ji, wasa ne. Da yamma idan ihu ya ratso bango, sai in ga ta dafa kujera za ta miƙe, in ce, "Wasa ne, Mama." Sai ta koma ta zauna, tana murza gwiwa. Wani lokaci a yini ɗaya sai a mutu sau biyar a bayan bangon nan, domin mai ba da umarnin wasan ba ya gamsuwa. Sau biyar ɗin nan kuwa sai jikinta ya motsa.

Budurwar banki ta dawo mana da kwanon acca, an wanke shi, ta cika shi da lemo. Daga nan ta mai da gidan wurin zuwa. Ranar Asabar takan hawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mama. Iyayenta mutanen wajen Manchok ne, amma a barikin soja a Legas ta girma, ba ta jin yaren gida, Hausar ma a tsintsince take. Wata rana ina wanke-wanke na ji Mama tana yi mata faɗa a hankali. Ta ce kukan da take yi a hol ba kukan mutuwa ba ne, kukan wadda aka sace wa akuya ne. Yarinyar ta yi dariya ta ce to Kaka ta nuna mata na gaskiya. Mama ta ƙi. Ta ce ba za ta buɗe bakinta da shi ba alhali kowa na gidan yana numfashi. Amma ta kwatanta mata da magana. Ta ce ba daga wuya yake fitowa ba, daga ciki ne, kuma ba ya farawa da ƙarfi. Mai shi takan kira sunan sau ɗaya, ta yi shiru kamar tana jiran a amsa, sannan ta sake kira. Ta ce shirun nan na tsakiya shi ne ke tayar da mutane daga gona.

Na ji duk wannan da kunnena. Na ɗauke shi hirar tsofaffi, na ci gaba da goge tukunya.

Telar da ke ƙasanmu mace ce mai yara uku, mijinta ɗan acaɓa. Ita ce ke miƙo wa Mama gyaɗa dafaffiya ta tsakanin ƙarafan ƙofa idan na kulle na tafi, abin da ban sani ba sai daga baya. Wata Alhamis da yamma, ana yayyafi, ina zaune da tulin takardun gwaji a gabana, jan biro a hannu, raina a ɓace saboda ɗalibai arba'in sun kwafi amsa ɗaya har da kuskurenta. Mai sifika yana gwada kayansa, ana buga ganga a hol. Sai wata murya ta taso daga ƙasa. Mama ta miƙe tsaye, ba ta ko dafa kujera ba.

Na ce, "Wasa ne, Mama."

Ta ce, "Wannan ba wasa ba ne."

Ban ɗaga kai ba. Na ce ranar Lahadi za su nuna wasan, dole su matsa gwaji. Ta ce in saurara. Na ce na shekara nawa ina sauraron mutanen nan, na fi ta sanin muryoyinsu. Ta nufi inda ɗankwalinta yake. A nan na daka mata tsawa, irin wadda nake yi wa ɗalibai a filin taro. Na ce ta zauna ta bar ni in yi aikin da ke ciyar da mu. Ta tsaya da ɗankwalin a hannu, ta daɗe, sannan ta zauna. Muryar ta ci gaba na ɗan lokaci, ta fara yin nisa, na ji ƙarar keke mai ƙafa uku ya tafi da ita.

Da safe na sauko na ga shagon tela a rufe. Mai kemis ya ce, "Madam, ba ki ji ba? Mijin tela ya yi hatsari a hanyan Kagoro, ya mutu. A nan aka zo aka gaya ma tela, a bakin shago ya faɗi yana kuka." Na tambaye shi wa ya fito. Ya ce shi da mai gyaran waya ne suka sa ta a keke. Sauran layin kowa ya ɗauka 'yan hol ne.

Na koma sama da ƙyar. Ban san yadda zan faɗa wa Mama ba, ashe ba sai na faɗa ba. Na same ta ta riga ta ɗaure ƙugu, kwanon acca a cinya. Na nemi izini a makaranta, muka hau keke zuwa gidan telar a can bayan layin dogo.  Da muka isa ta zauna a ƙasa kusa da matar, ta riƙe hannunta, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ni na tsaya daga bakin ƙofa cikin matan zumuntar coci, na ba da gaisuwa daga nesa. Kunya ta hana ni matsawa, ban ji abin da suka ce ba.

A daren ba ta ci abinci ba. Washegari da safe tana shan magani ta ce in mai da ta gida. Na fara lissafa mata likita da gwiwa da nisan asibiti. Ta bari na gama, sannan ta ce ba tsoron mutuwa take yi ba, ta daɗe da shirya wa Ubangiji kayanta. Ta ce abin da take tsoro shi ne ta mutu a saman benen nan, in fita in yi kuka, ba wanda zai zo. Ta ce, "Ke kaɗai za ki zauna da ni, 'yata. Ba na so ki zauna ke kaɗai."

Na yi mata alkawari. Na ce ta bari a gama jarrabawar zango, a ba da hutu, ni da kaina zan kai ta, in zauna da ita har ta saba. Mako biyar ne kawai. Na cire kwaɗon daga ƙofa na jefa a cikin durowa, ina ganin na biya wani abu. Ita kuma ta fara haɗa kayanta tun ranar. Ta wanke tukunyar ƙasa ta kife, ta ɗaure littafin waƙoƙi a cikin zane. Kullum da safe sai ta tambaye ni saura kwana nawa.

Saura kwana tara, ranar Juma'a, na dawo da wuri. A ranar ce za a buɗe wani sabon wasa a hol, an manna hotuna a duk bangon layin, an kafa sifika a waje ana kiran mutane su sayi tikiti. Na same ta a kujerarta ta kusa da taga, kanta ya karkata, kwanon gyaɗar da take ɓarewa ya zube a ƙasa. Na kira ta. Na taɓa wuyanta. Na daɗe a durƙushe ina riƙe da hannunta, yana ta yin sanyi a cikin nawa.

Ban yi shawara da kaina ba. Ƙafafuna ne suka kai ni baranda. Ni da na bar ƙauye tun ina 'yar shekara goma sha biyu, ni da ban taɓa yin wannan kukan ba ko a mutuwar mijina, na buɗe baki na kira ta. Na yi shiru. Na sake kira.

A ƙasa layin yana tafiya yadda ya saba. 'Yan acaɓa suna hon, masu laima suna danna injinansu, wata mata tana cinikin takalmi. Mutum biyu ko uku suka ɗaga kai, amma ƙofar hol suka duba, ba sama ba. Na ji wani a layin tikiti yana cewa abokinsa, "Yau sun fara da wuri." Na ƙara kira, muryata ta shige cikin ƙarar sifika. Na riƙe ƙarfen baranda, na tuna abin da ta faɗa mini a safiyar da ta ce in mai da ta gida, kalma bayan kalma. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ga mutane ɗaruruwa a ƙarƙashin ƙafata.

Sai na ji takun gudu a matakala. Budurwar banki ce. An riga an yi mata kwalliyar wasa, an shafa mata farar hoda a gashi don ta zama tsohuwa, an zana mata tamoji a goshi. Ta cire ɗankwalin wasan ta ɗaure a ƙugu. Ta tsaya a ƙofa tana haki ta ce, "Anti, na ji shirun. Kaka ya gaya mini."

Ta shiga ta durƙusa a gaban kujerar, ta daɗe. Sannan ta tashi ta sauka, ba ta yi kuka a baranda ba, ta san ba zai yi amfani ba. Ta bi layin shago bayan shago da ƙafarta, da hodar a kanta, tana faɗa wa kowa da baki. An ce sai da ta rantse wa wasu kafin su yarda ba tallar wasan take yi ba. An jinkirta wasan a ranar. Mai sifika ya kashe kayansa, karo na farko tun da na san shi.

Wadda ta fara hawowa ita ce telar. Ba ta daɗe da buɗe shago ba bayan makokinta, har yanzu baƙaƙen kaya ne a jikinta. Ta shigo da gawayi a leda da mudun masara, ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da ni ta miƙe ƙafa. Na kasa kallon fuskarta. Da ɗakin ya fara cika, na matsa kusa da kunnenta na ce ina da abin da zan roƙe ta gafara a kai, game da ranar da aka kawo mata labarin mijinta.

Ta ce, "Haba Malama, ba komai. Mama ya riga ya gaya mini tun a gida. Ya ce ke kina makaranta ranan, shi kuma barci ya ɗauke shi, bai ji ba. Har ya ce in yafe mashi."

Mama ba ta barcin rana, ba ta taɓa yi ba. Kuma a iya sanina da ita ban taɓa kama ta da ƙarya ba sai wannan. Na buɗe baki in gyara maganar, telar ta riƙe hannuna ta matse, ta ce in yi shiru in huta, baƙi suna zuwa.

Mun kai ta gida ranar Talata, a bayan mota, da tukunyar ƙasarta da littafin waƙoƙin yadda ta ɗaure su. Tun daga bakin rafi aka tare mu da kuka, mata suna fitowa daga gonakin citta suna ɗaure ƙugu.

Har yanzu ina benen nan. 'Yan dirama suna gwajinsu daga ƙarfe huɗu, ana mutuwa a bayan bangona ana tashi. Duk lokacin da na ji kuka nakan ajiye biro in sauka in duba. Kusan kullum wasa ne, sai in gaishe su in hawo. Telar tana ganina ta tagar shagonta, takan ɗaga mini hannu. Ban gaya mata gaskiyar ranar Alhamis ɗin nan ba har yau.